Tambaya da Amsa: Injin ƙaramin jirgi ya kai lokacin garambawul, wace hanya za a bi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin jirgi Cessna 172 ƙirar 1981, mai lambar Ghana, yana ajiye a Accra. Injinsa Lycoming O-320 ne mai ƙarfin doki 160. Ya yi awa 1,340 tun garambawul na ƙarshe, yau shekara 16 ke nan, kuma yanzu ba na wuce awa 50 a sama cikin shekara. Injiniyana ya ce lokaci ya yi. An kawo mini farashi uku: sabon inji daga kamfani, injin da kamfani ya sake ginawa, da kuma aika nawa wani gareji a waje a yi masa garambawul. Na ukun ya fi araha nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka? Daga wani Alhaji a Nima, Accra.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Injiniyanka ya faɗi gaskiya. Lycoming ya sa wa wannan inji wa'adi biyu, awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Ka wuce na biyun da shekara huɗu, kuma a Accra na biyun ne ya fi ban tsoro. A injin Lycoming kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawuloli, yana sama ne da karanshaf, sandar da fistin ke juyawa, don haka idan jirgi ya yi makonni a ƙasa baƙin mai yana tsiyayewa ya bar shi a bushe. Iskar teku mai gishiri da laima ta shiga ta bututun numfashin inji, tsatsa ta ci fuskar tafet, ƙananan ƙarafan da kamshaf ke turawa su buɗe bawul, ranar da aka tayar da inji kuma ramukan tsatsar su fara kankare kunnuwan kamshaf. Injin makarantar koyon tuƙi da ke tashi kullum yakan cika awa 2,000 lafiya lau, inji mai awa ɗaya a mako irin naka yana iya lalacewa tun bai kai rabi ba.

A Amurka mai jirgin kansa ba dole ne ya bi wannan wa'adi ba, shi ya sa za ka ji ana cewa a ci gaba da tashi muddin inji na lafiya. Kai abin da ya ɗaure ka shi ne tsarin kula da jirgi da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ghana, GCAA, ta amince maka da shi, sai kuma sharuɗɗan kamfanin inshora. Duk wani ƙarin wa'adi ka nema a rubuce, ka ajiye amsar a kundin inji.

Kafin ka biya ko dala ɗaya, a duba lafiyar injin da kyau, domin abin da aka gani ne zai faɗi wanne farashin ne na gaskiya. A yi awon matsi injin yana da zafi: a hura iska mai matsin psi 80 cikin kowace silinda a ga nawa ta riƙe. Ƙasa da 60 alama ce ta matsala, amma kunne ya fi agogon faɗin inda take. Iska na fita ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Ta kafireta, bawul ɗin shigar mai. Ta bakin zuba baƙin mai, ringi ne. Sannan a zura kyamarar leƙe ta ramin fulogi a duba bangon silinda da fuskar bawul. Lafiyayyen bawul launinsa zagaye yake daidai, wanda ya fara ƙonewa kuwa yakan yi kore a gefe guda. A yanka filtar baƙin mai, a baje takardarta a rana, a bi ta da maganaɗisu. Abin da ya manne ƙarfe ne, galibi daga kamshaf da tafet. Mai launin jan ƙarfe daga metal ko bushin yake, wato shimfiɗar da ƙarafa masu juyawa ke kwanciya a kai. Idan garin ƙarfen ya kai rabin ƙaramin cokali, umarnin Lycoming shi ne a sauke inji. A kuma ciro rariyar da ke ƙasan tankin baƙin mai, can manyan ɓarɓashi suke tsayawa, kuma ana yawan mantawa da ita. Na ƙarshe, a ciro silinda ɗaya a haska kamshaf a gani da ido, domin a Lycoming babu wata ƙofa da ake ganinsa sai wannan. Ka kuma lissafa shan baƙin mai: iyakar da kamfani ya yarda wa doki 160 ita ce kusan rabin lita a awa, amma injin da yake shan lita ɗaya a awa goma da, yanzu ya koma lita ɗaya a awa huɗu, ya riga ya yi magana.

Yanzu ga farashin naka. Sabon inji mu cire shi. Mai tashi awa 50 a shekara zai yi awa 600 ne kacal kafin shekara 12 su sake cika, kuɗin da ya biya na sauran awa 1,400 tsatsa ce za ta cinye.

Wanda kamfani ya sake ginawa, a masana'antar Lycoming da ke Williamsport a jihar Pennsylvania, yana zuwa da sabon kundi, awoyinsa daga sifili. Kamfanin da ya ƙera inji ne kaɗai, ko wanda ya wakilta, doka ta ba wannan izini. A cikinsa akwai kayan da suka taɓa aiki, kamar karanshaf ko gangar inji, amma dole kowanne ya cika awon sabo. Musaya ake yi: su aiko da nasu, ka mayar musu da naka. Nan ne tarkon yake. Za su riƙe wani kuɗi mai kauri sai tsohon ya isa sun buɗe shi, idan suka tarar ganga ta tsage ko karanshaf ba ya gyaruwa su zabtare. Ka nemi sharuɗɗan karɓar tsohon inji a rubuce, da yawan kwanakin da aka ba ka ka mayar da shi, domin kwanakin da suka ishi mai jirgi a Texas ba lallai su ishi akwatin da zai bi ta kwastan a Tema ba. Ka kuma tambayi ranar isowa. Jiran injin kamfani yana iya cin watanni masu yawa.

Na ukun shi ne wanda muke so ka fi zura wa ido, domin garambawul iri biyu ne kuma duka doka ta yarda a rubuta su da suna ɗaya. Littafin kamfani yana da awo biyu ga kowane ƙarfe: awon sabo, da iyakar da ƙarfe zai kai kafin a jefar da shi. Gareji na iya mayar da kamshaf da ke dab da wannan iyaka, ya haɗa inji, ya sa hannu, bai karya doka ba. Bayan awa 300 ƙarfen ya tsallake iyaka, kai kuma kana zaton awa 2,000 ka saya. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa sau da yawa wannan ne sirrinsa.

Saboda haka ka aika wa garejin tambayoyi, su amsa a takardar yarjejeniya. Da awon sabo za su yi aiki? Za su canza duk kayan da sanarwar Lycoming mai lamba 240 ta wajabta, har da bawulolin hayaƙi, metal, ringi da kusoshin sandar fistin? Kamshaf da tafet sababbi ne ko gogaggu? Silinda sababbi ne ko gyararru? A nan ra'ayinmu a fili yake: ka biya sababbi huɗu. Kan silinda na alminiyam yana gajiya da zafi da sanyi, babu wanda ya san awoyin gyararre, kuma idan ya tsage daga baya kuɗin dakon guda ɗaya daga Amurka zai cinye abin da ka yi tattali. Akwai silinda masu rufin nikel a ciki waɗanda tsatsa ba ta kama bangonsu, sun dace da jirgin da ke yawan zama a bakin teku. A tambaya ko za a gwada karanshaf da maganaɗisu don gano tsaga, a gwada ganga da ruwan rini, a kuma duba cikin ramin karanshaf na gaba, wanda a O-320 mai doki 160 akwai umarnin dole na binciken tsatsa a wurin. Maganeto biyu masu ba fulogi wuta, kafireta, sitata da altaneta suna cikin farashi? Za a tayar da injin a kan teburin gwaji a aiko maka da sakamako? Sai takardar shaidar ingancin aikin: Form 8130-3 idan daga Amurka ne, EASA Form 1 idan daga Turai. Kafin ka sauke inji ka tabbatar GCAA za ta karɓi sa hannun wannan garejin.

Ka sani farashin gareji na wucin gadi ne har sai sun buɗe. Idan karanshaf ya faɗi gwaji, kuɗin wani zai hau kanka, inji kuma yana can a warwatse, ba ka da bakin ciniki.

Ga hukuncinmu. Idan aka ciro silinda aka ga kamshaf ya ci, filta kuma da ƙarfe, ko kundin injin yana da giɓi, ka ɗauki musayar kamfani. Farashinta sananne ne tun farko, in ban da abin da za su iya zabtarewa a kan tsohon inji, akasarinsu suna zuwa da tafet mai taya da ke rage gogayya da kamshaf, kuma sabon kundi yana ɗaga darajar jirgi ranar sayarwa. Idan kuwa ciki fes yake, tarihin karanshaf da ganga a rubuce tun daga farko, to gareji mai suna da zai yi aiki da awon sabo da sababbin silinda zai ba ka inji mai kyau a kuɗi ƙasa da haka, kuma ƙarfen da ka sani ne zai dawo maka.

Kowanne ka zaɓa, akwai kuɗin da babu shi a takardun uku. Dako zuwa da dawowa, na akwatin da inji kaɗai a cikinsa ya haura kilo 120. Inshorar hanya. Kwastan, inda ya kamata wakilinka ya rubuta fitar injin a matsayin kayan gyara da zai dawo, da lambarsa, tun kafin ya bar ƙasa. Sai kayan da ke kewaye da inji: robobin mazaunin inji, tiyon mai da na fetur, faifan da ke bi da iska kan silinda, salansa, famfon iska na agoguna, da farfela. Na'urar sanyaya mai kuwa ko a aika ta wurin masu wanke ta da na'ura ko a sayi sabuwa. Garin ƙarfen tsohon inji yana maƙalewa a lungunanta, mai zafi ya kwaso shi ya kai wa sabon metal a awa ta farko. Tunda da dala za ka biya, a rubuta ranar kowane biya, kada sidi ya motsa tsakanin kafin alƙalami da cikon kuɗi ka rasa inda za ka kama. Garanti ma ka karanta shi da kyau: wa zai biya dako idan silinda ta lalace, kuma daga wace rana yake fara ƙirgawa.

TAMBAYA: Jirginmu Cessna 182 ne mai injin Continental O-470, awa 900. A binciken shekara silinda biyu sun nuna 58 da 55 cikin 80. Wani ya ce mu canza duka shida, wani ya ce garambawul gaba ɗaya. Daga wani Malam a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Malam, kada ka yi ko ɗaya tukuna. Continental ba ya aiki da iyakar 60. Yana da wani ɗan ma'auni mai rami da ake gwada agogon da shi a ranar awon, lambar da ya bayar ita ce iyaka, kuma yawanci tana faɗawa tsakanin 40 da 50. Lambobinka na iya zama lafiya. Idan silinda ta faɗi ƙasa da iyakar amma kyamara ba ta nuna lahani ba, umarnin kamfani shi ne a tashi aƙalla minti 45 a sake awo, domin wani lokaci bakin ringi ne suka jeru ko datti ya hau mazaunin bawul.

Idan kyamara ta nuna bawul ya ƙone, a cire wannan silindar kaɗai. Cire shida a lokaci guda yana da haɗarin da ba a cika faɗa ba. Dogayen kusoshin da ke riƙe silinda su ne kuma ke matse ɓangarori biyu na ganga a kan metal ɗin karanshaf. Aka kwance su, aka juya farfela, metal na iya gocewa ya toshe ramin mai. Aka ɗaure su a bushe ko da fenti a ƙarƙashin noti, sifanar awon ɗauri za ta nuna daidai amma matsin bai kai ba, bayan wasu awoyi kusa ta karye a sama. A shafa wa zaren man da littafi ya ce, a bi jerin ɗauri, a ɗaure ta gefe biyu, da sifanar da aka gwada ingancinta. Abu ɗaya da ka fi mai Lycoming sa'a: a Continental ana zaro tafet a duba su ba tare da an buɗe ganga ba, to a duba su tunda an zo wurin. Ka lura canza silinda ba ya mayar da awoyin garambawul baya. O-470-R wa'adinsa yawanci awa 1,500 ne, O-470-U kuma yawanci 2,000, ka duba farantin injinka ka ga wanne ne.

TAMBAYA: Injin ƙaramin jirgi an ce ya fi na mota sauƙi. Me zai hana mu kai shi Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, inda ake goge karanshaf na tirela kullum? Daga wani mai karatu a Asawase.

AMSA: Gaskiya ne ya fi na motar zamani sauƙin fasali, kuma hannun mutanen Magazine ba abin rainawa ba ne. Amma karanshaf na jirgi an ƙarfafa fatarsa da sinadari, idan aka goge shi dole a sake wannan aiki, a kiyaye lanƙwasar kusurwoyinsa daidai, a sake gwada shi da maganaɗisu. Kusurwar da aka goge ta yi kaifi ita ce inda tsaga ke farawa, kuma ba ta nuna alama kafin ta karye. Ban da haka, ƙarfen da ya fita daga hannun wurin gyara mai lasisi ya rasa takardarsa, injiniya ba zai sa masa hannu ba, inshora ba za ta biya ba, kamfani ma ba zai karɓe shi a musaya ba. Abin da ake yi a gida, a hannun injiniya mai lasisin GCAA, shi ne sauke inji, ɗora shi, canza silinda da saita maganeto.

TAMBAYA: Man jirgi 100LL yana wahalar samu kuma da tsada. Tunda za mu kashe kuɗi a kan inji, ba gara mu koma mai shan Jet A-1, kananzir ɗin manyan jirage, ba? Daga wata Hajiya a Madina, Accra.

AMSA: Hajiya, tambayarki ta zo a kan gaɓa, domin lokacin garambawul ne kaɗai wannan lissafi yake da ma'ana. Akwai injin dizal Continental CD-155 mai doki 155 da aka amince a ɗora wa Cessna 172. Yana shan Jet A-1, wanda ake samu a duk filin da jiragen fasinja ke sauka, kusan lita 20 a awa, inda O-320 ke shan kusan 30. Sai dai aikin ya wuce musayar inji: sabon mazauni, farfela mai fiffike uku, kwamfutar sarrafa inji, gyaran tankuna da agoguna. Ya fi nauyi, don haka kayan da za ki ɗauka sun ragu. Ba a yi masa garambawul, idan ya cika awa 2,100 canza shi ake yi, giyarsa da wasu kayansa kuma suna da nasu wa'adin kafin nan. Yana kuma bukatar injiniyan da ya yi horo a kansa. Ki ɗauki bambancin kuɗin mai na awa ɗaya, ki ninka da awoyinki na shekara, ki raba ƙarin kuɗin aikin da abin da ya fito. Mai awa 400 a shekara zai ga riba, mai awa 60 jirgin zai tsufa bai mayar da kuɗinsa ba.

Fetur ɗin mota kuma kada a zuba sai da takardar amincewa ta musamman ga wannan inji da wannan jirgi, wadda GCAA ta karɓa, kuma fetur mara etanol. A zafin ƙasarmu yana saurin zama tururi a cikin tiyo ya yanke wa inji mai.

TAMBAYA: An yi mini tayin inji na hannu, awa 400 kacal, an ciro shi daga jirgin da ƙafarsa ta gaba ta karye wajen sauka. Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Zango.

AMSA: Ƙafar gaba ta karye, farfela ta daki ƙasa. A Lycoming wannan yana wajabta binciken giyar da ke bayan karanshaf da kusar da ke ɗaure ta, kamfanin kuma ya ce a buɗe injin duka. Idan babu takardar wannan aiki, abin da ake sayar maka tsohon ƙarfen musaya ne, ka biya kuɗinsa a haka. Ka kuma tambayi shekara nawa ya yi a ajiye da yadda aka adana shi.

TAMBAYA: Injina ya dawo daga garambawul, an ɗora. Yaya zan bi da shi a farko? Daga wani matuƙi a Kumasi.

AMSA: Kada ka lallaɓa shi, wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Ringi suna bukatar matsi mai ƙarfi su goge bangon silinda su zauna. Aka bar inji yana aiki a hankali ko yana daɗewa a kunne a ƙasa, mai yana ƙonewa ya yi sulɓi a bango, ringi ba za su ƙara zama ba, sai an sake cire silinda an kankare.

Kafin tayarwar farko a cire fulogi, a juya inji har agogon matsin baƙin mai ya motsa. A zuba man ma'adinai zalla mara sinadarin wanki, sai idan garejin ya rubuta wani abu dabam. Gwajin ƙasa ya zama gajere, hancin jirgi na fuskantar iska, a duba yoyo, a tashi. Ka zaɓi sassafe. Awa ta farko a kashi 75 cikin ɗari na ƙarfi, kusa da fili, daga nan kana sauyawa tsakanin 65 da 75. Kada ka hau sama sosai, domin a can injin da ba shi da turbo, na'urar cusa masa iska, ba ya iya ba da wannan ƙarfi. Ka bar fetur da ɗan yawa a cakuɗensa da iska, ka riƙa hawa sama a hankali amma jirgi na gudu, zafin kan silinda ya tsaya ƙasa da digiri 205 na Salsiyas gwargwadon iko. Ban da atisayen sauka da tashi. Haka za ka ci gaba har awa 50, ko har shan baƙin mai ya daidaita, kana rubuta kowace lita da ka ƙara. A canza mai da filta a lokacin da takardar garejin ta ce, a yanka filtar. 'Yan ƙyalli kaɗan a karon farko ba abin tsoro ba ne, amma su ragu a karo na biyu.

Idan aikin ya faɗo a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a duba filtar iska kafin kowace tafiya, a tabbatar ƙofar iskar zafi ta kafireta tana rufewa ruf, domin iskar da ke bi ta nan ba ta ratsa filta. Daga baya kuma, a canza mai duk awa 50 ko wata huɗu, wanda ya riga zuwa, a tashi aƙalla awa ɗaya cur cikin kowane kwana 30 mai ya yi zafin digiri 75 zuwa 93 ruwan da ke cikinsa ya ƙafe. Tayar da inji a ƙasa na minti goma ƙara masa ruwa yake yi. Idan jirgin zai zauna fiye da wata, a zuba man adanawa, a sa fulogi masu shan laima, a toshe salansa da bututun numfashi, a rataya jan ƙyalle a kowane toshi don kada a tashi da shi.